Haƙƙin Ido da Muka Manta a Gaban Kwamfuta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya tsaga mana ji da gani ba tare da mun biya ko anini ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, wani abu ne ya same ni a lokacin hunturun da ya gabata, wanda na ga bai kamata in yi shiru da shi ba. Wata rana bayan sallar Asuba na ɗauko Alƙur'ani domin in yi ɗan abin da na saba, sai na ga layukan suna hawa kan juna, wasulla suna yi mini dishi-dishi, idanuna kuma suna raɗaɗi kamar an watsa mini yashi. Na murza, na sake dubawa, abin bai sauya ba. Dole na rufe Mus'hafin na zauna zugum. A daren da ya wuce ban kwanta ba sai wajen ƙarfe biyu. Abin da ya hana ni barci kuwa ba wani abin kunya ba ne: aikin da nake ci da shi na ƙarasa a kwamfuta, sannan na ɗauki waya na shiga sauraron karatun wani malami, daga nan na faɗa cikin wata muhawara da aka yi ta ja-in-ja a kan wata mas'ala ta fiƙihu. Duk halal ne. Amma ga shi halal ɗin ya raba ni da shafi biyu na Littafin Allah da safe.

Mun saba, idan aka ambaci ido da intanet a wajen wa'azi, maganar runtse gani daga haram ake nufi, kamar yadda aya ta 30 da ta 31 na Suratun Nur suka yi umarni. Wannan gaskiya ne, kuma ba za a gaji da faɗarsa ba. Sai dai a ganina mun riƙe rabin maganar mun saki rabi. Shi kansa idon, wato wannan ɗan naman da ke cikin gurbinsa, yana da haƙƙin da yake bin mu, ko da kuwa abin da muke kallo da shi tafsiri ne.

Dalilina shi ne ƙissar Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi (RA) da Imam Bukhari ya ruwaito. Saurayi ne mai himma, ya ɗaure wa kansa azumi kullum da tsayuwar dare gaba ɗayansa. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW), sai ya hana shi, ya umarce shi da ya riƙa yin azumi yana sha, yana tsayuwa yana barci. Cikin waɗanda ya lissafa masa a matsayin masu haƙƙi a kansa akwai jikinsa, da iyalinsa, da baƙonsa, sannan ya ware ido ya ambace shi da sunansa. A wata ruwayar ma ya gargaɗe shi cewa idan ya ɗore a haka idonsa zai zurma, ransa kuma ya gajiya. Ka tsaya ka dubi wannan da kyau, ya kai mai karatu. Abin da ke hana wannan sahabi barci sallah ce, ba hira ba. Idan har ba a yarda a ci zalin ido saboda tsayuwar dare ba, to da wace hujja ni da kai za mu ci zalinsa saboda muhawarar da ba ta ƙarewa? An ruwaito cewa da Abdullahi ya tsufa, ƙarfi ya ja baya, ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa tun farko.

Kafin in ci gaba, bari in faɗi wautar da na tafka. Maimakon in nufi asibiti, sai na biya wani kyamis na ce idona ke ja yana zafi. Yaron shagon ya miƙo mini wata 'yar kwalba, na ɗiga, cikin kwana biyu jan ya washe, na ce madalla. Na yi kusan mako uku ina ɗigawa, duk sanda na daina sai abin ya dawo. Da na gaji na je wurin likitar ido, ta karɓi kwalbar ta karanta, sai ta dube ni ta ce, “Malam, wa ya rubuta maka wannan?” Na ce babu. Ta ce maganin yana ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda idan aka daɗe ana ɗiga shi ba bisa kulawar likita ba yana iya ɗaga matsin ruwan cikin ido har ya kai ga cutar gilakoma, wadda muke kira hawan jinin ido, yana kuma iya jawo yanar ido. Ta auna matsin, Allah Ya rufa asiri bai hau ba. Saura ƙiris garin neman gira in rasa ido. Abin da ke damuna tun farko, in ji ta, bushewar ido ce da gajiya, irin wadda take gani kullum a wurin masu zama gaban kwamfuta.

Daga nan ne na shiga bin diddigin yadda abin yake faruwa, na kuwa sha mamakin hikimar da ke cikin wannan halitta.

Ƙifta ido da muke yi ba tare da mun sani ba, ashe shara ce da shafe. Duk ƙiftawa ɗaya, fatar ido tana shimfiɗa wani siririn labulen hawaye a kan ƙwayar ido. Wannan labule ba ruwa ba ne zalla. Akwai majina-majina a ƙasa da ke manna shi, akwai ruwa a tsakiya, sannan akwai maiƙo a sama wanda wasu 'yan ƙananan matsattsai da ke gefen fatar ido suke fitarwa, aikinsa shi ne hana ruwan saurin ƙafewa. Mutum a zaune haka kawai yakan ƙifta kamar sau 15 zuwa 20 a minti guda. Amma da zarar ya ƙura wa abu ido ya mai da hankali, sai ƙiftawar ta ragu. A shekarar 1993 wani likitan ido ɗan ƙasar Japan, Kazuo Tsubota, tare da abokin aikinsa, sun lura da ma'aikatan ofis 104. Suka tarar suna ƙiftawa kimanin sau 22 a minti idan suna hutawa, sau 10 idan suna karanta littafi, amma sau 7 kacal idan suna karatu a fuskar kwamfuta. Ka ga ke nan kashi biyu cikin uku na sharar an daina yin ta. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin ƙiftawar da ake yi a gaban kwamfuta rabi-rabi ce, fatar sama ba ta sauka ta haɗu da ta ƙasa. To, haɗa wannan da iskar hunturu irin tamu, da ƙura da hazo, da fankar da ke kaɗawa saitin fuska. Ina mamakin a ji yashi a ido?

Akwai kuma batun inda aka ajiye fuskar kwamfutar. Idan tana sama da saitin ido, dole mutum ya ware idonsa sosai, filin da iska ke busarwa ya ƙaru. Idan tana ƙasa kaɗan, fatar sama takan sauko ta rufe wani sashe. Wannan ya tuna mini da zaman makarantar allo, inda almajiri ke ɗora allonsa a cinya ya sunkuya, ya karanta layi, ya ɗaga kai ya maimaita da ka, ya sake dubawa. Ba don lafiyar ido aka tsara zaman haka ba, amma idon yana cin moriyarsa. Allon zamani kuwa mun kafa shi a gaban goshi, ba ma ɗaga kai sai wuta ta ɗauke.

Abu na biyu tsoka ce. A cikin ido akwai wani ɗan madubi mai laushi, kewaye da shi kuma akwai tsokar da ke sauya kaurinsa. Idan kana hangen nesa, kamar mita 6 zuwa sama, tsokar tana sake ne, tana hutawa. Idan ka kawo abu kusa sai ta ɗaure, kuma iya kusancin abin iya ɗaurewarta. Wanda ya yi awa huɗu a gaban kwamfuta bai ɗaga kai ba, tamkar wanda ya ɗaga bokitin ruwa ne ya tsaya da shi awa huɗu. Shi ya sa idan ka tashi sai ka ga nesa ta yi garara-garara na ɗan lokaci, goshi da gefen kai suna sara, wuya da kafaɗa sun ƙage. Waya ta fi kwamfuta matsawa a nan, domin mun fi kusanto da ita ga fuska, rubutunta kuma ƙanana ne.

A nan ya wajaba in yi adalci, domin Musulmi ba ya gyara ɓarna da ƙarya. Ana yawan yaɗa saƙonni cewa hasken waya yana ƙona ido yana makantarwa, a ƙarshe a ce don Allah ka tura wa mutum goma. Gajiyar ido da bushewar da kwamfuta ke jawo wa baligi abu ne mai wahalarwa, yana rage aiki, yana hana karatu, amma galibi yana lafawa idan aka huta aka gyara zama. Shuɗin hasken da ke fita daga fuskar waya bai kai ko kusa da wanda rana ke zubo mana kullum ba. Su kuma tabarau masu tace shuɗin haske da ake tallarsu da tsada, wani nazari na cibiyar Cochrane da ya fito a 2023, wanda ya tattara gwaje-gwaje 17, bai sami shaidar cewa suna rage gajiyar ido fiye da tabarau na yau da kullum ba. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ma ba ta ba da shawarar a saye su domin wannan ba. Ni dai na kusa saya. Na lura abin da ya ja ni gare su shi ne sun yi mini alkawarin in ci gaba da halina ba tare da na biya komai ba sai kuɗi. Haka ɗan Adam yake, ya fi son abin da zai saya a kan abin da zai bari.

Wani labari ma ya ba ni dariya da tausayi. A 2016 likitoci a birnin Landan suka ba da rahoton wasu mata biyu da suka riƙa samun ɗaukewar gani a ido ɗaya na 'yan mintoci, har aka yi ta yi musu gwaje-gwaje ana tsoron wata babbar cuta. Daga baya aka gano cewa suna kwanciya ne a gefe guda cikin duhu, matashin kai ya rufe ido ɗaya, ɗayan yana kallon waya. Idon da ke kallo ya saba da haske, na rufe ya saba da duhu, da an ajiye wayar sai na farkon ya zama kamar ya makance har sai ya daidaita. Mu nawa ne muke irin wannan kwanciya, musamman idan an ɗauke wuta?

Inda abin ya daina ba ni dariya shi ne wajen yara. Idon baligi ya gama girma, na yaro kuwa yana kan ginuwa. Akwai larurar gaza hango nesa, wadda ke faruwa idan ƙwayar ido ta yi tsawo fiye da kima daga gaba zuwa baya. Idan ta yi tsawon nan ba ta komawa. Tabarau yana gyara gani, amma ba ya mai da ƙwayar yadda take, kuma idan larurar ta yi tsanani tana ƙara haɗarin ɓallewar labulen bayan ido, da gilakoma, da yana, a can gaba cikin rayuwa. A biranen gabashin Asiya, irin su na Sin da Koriya ta Kudu da Singafo, kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na masu kammala sakandare suna da ita. Wani hasashe da masana suka fitar a 2016 ya nuna cewa nan da shekarar 2050 kusan rabin mutanen duniya za su iya kasancewa cikinta. Abubuwa biyu ake dangantawa da wannan hauhawa, bayan gado: yawan aikin kusa, na littafi ne ko na na'ura, da ƙarancin fita waje cikin hasken rana.

Annobar korona ta zo ta nuna abin ƙarara. A garin Feicheng na ƙasar Sin ana auna idon 'yan makaranta duk shekara. Daga 2015 zuwa 2019, yara 'yan shekara 6 masu wannan larura ba su taɓa wuce kashi 5.7 cikin ɗari ba. A 2020, bayan watannin kulle da karatu ta na'ura, sai adadin ya kai kashi 21.5. A ɗaya ɓangaren kuma, a birnin Guangzhou an gwada ƙara wa yaran wasu makarantun firamare minti 40 na zama a waje kullum har shekara uku. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna kashi 30 cikin ɗari ne suka kamu a cikinsu, a sauran makarantun kuwa kusan kashi 40. Taiwan ma tun 2010 ta ɗauki tsarin fitar da 'yan makaranta waje minti 120 a kullum, aka kuma ga abin ya fara ja baya.

Mu a nan har yanzu ba mu kai su ba, kuma rana ba ta yi mana rowa ba. Amma ina kallon yadda gidajenmu na birni suke sauyawa. Yaron da a da yake yini a dandali yana langa da ƙwallo da tura gare-gare, yanzu an kulle shi a falo, wani lokaci da dalili mai ƙarfi na tsaro, an miƙa masa waya domin ya yi shiru. Mu yayyensu da iyayensu matasa mu ne masu miƙawar. Har mukan kwantar wa kanmu da hankali cewa ai haruffan Larabci yake koyo, ko waƙoƙin Islamiyya yake kallo. Niyyar tana da kyau, amma tsokar idon yaro ba ta san bambanci tsakanin alifun da zanen barkwanci ba, tazara kawai ta sani da tsawon lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban irin waɗannan na'urori, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Idan idona amana ne a hannuna, to idon ƙanena da bai san komai ba amana ce mafi nauyi, tunda shi bai zaɓa ba.

Na san wani zai ce, “Malam, kai kana magana ne kawai. Ni da kwamfutar nake ci, da ita nake karatu, in bar ta in ci me?” Wannan magana ce mai ƙarfi, ni ma da ita nake ci. Ban ce a bari ba, kamar yadda ba a ce wa Abdullahi ɗan Amru ya bar sallah ba. Abin da likitar nan ta ɗora ni a kai bai ci mini ko sisi ba, ban da 'yar kwalbar hawayen roba da ta rubuta mini. Akwai wata ƙa'ida da wani masanin ido a Amurka, Jeffrey Anshel, ya yaɗa tun shekarun 1990: duk bayan minti 20 ka ɗaga kai ka dubi wani abu mai nisan ƙafa 20, wato kamar mita 6, na tsawon daƙiƙa 20. Lambobin ba wahayi ba ne, an jera su ne don sauƙin tunawa, manufar dai a riƙa sakin tsokar nan akai-akai. Ni na mai da teburina kusa da taga, ina hango wata bishiyar darbejiya a ƙofar maƙwabta, kuma daƙiƙa 20 ta ishi mutum ya yi istigfari sau da dama. Na ja kwamfutar baya gwargwadon tsawon hannu, na saukar da ita ƙasa da saitin ido kaɗan, na ƙara girman rubutu, na kawar da fanka daga fuskata, na daina aiki da ita cikin duhu. Sai kuma ƙiftawa da gangan, cikakkiya, wadda da farko na ji kamar wasan yara.

Sallah kuwa ba na son in mai da ita motsa jiki, domin ta fi ƙarfin haka, kuma ba don ido muke yin ta ba. Amma na lura cewa ranar da na amsa kiran Azahar da La'asar a kan lokaci, na taka zuwa masallaci, na dawo, idona ba ya yin nauyin da yake yi ranar da na ce bari in ƙarasa wannan shafin tukuna. A zamanin shagunan intanet, kuɗin awa ne yake tashinmu, lokaci na cika na'ura ta rufe. Yanzu babu mai tashinmu sai ladan.

Dare shi ne inda na fi shan kaye. An ruwaito daga Abu Barza (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana ƙin barci kafin Isha da hira bayanta, malamai kuma sun togace abin da yake na ilimi ko maslaha. Mu kuwa mun faɗaɗa wannan togaciya har ta haɗiye hukuncin. Haske mai ƙarfi da daddare yana jinkirta fitar sinadarin melatonin da ke shirya jiki ga barci, abin da ake karantawa kuma yana tayar da hankali, musamman idan gardama ce. Idon da bai sami barci ba da shi za a tashi Asuba, idan ma an tashi.

Abu biyu nake roƙo kada a yi wasa da su. Na farko, kada duk abin da ya sami ido a ɗora wa kwamfuta a zauna. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kimanin mutum 4 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne, yanar ido ce kan gaba wajen jawo hakan, gilakoma na biye. Ita gilakoma ta fi kama baƙar fata, tana kuma cin gani daga gefe a hankali ba tare da zafi ba, abin da ta ci kuwa ba ya dawowa. Wanda ake da ita a danginsu, ko mai ciwon sukari, ko wanda ya ga gani ya ragu farat ɗaya, ko yake ganin walƙiya da baƙaƙen ɗigo suna yawo, asibitin ido ya kamata ya nufa ba tare da jinkiri ba. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai sassan ido a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi. Sau da yawa ma gajiyar da ake ji a gaban kwamfuta alama ce ta cewa mutum yana buƙatar tabarau bai sani ba. Sanya tabarau ba ya kashe ido kamar yadda ake faɗa a zaure.

Na biyu, kwalli. Da na yi ƙorafin idona, fiye da mutum uku sun ce in riƙa sa tozali, ai sunna ne. Hadisai sun zo a kan ismid, ban musa ba. Amma ba duk abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan kwalli ne ismid ba, da yawansa dutsen dalma ne aka niƙa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka sami gubar dalma a jininsa, aka bi sawu aka tarar daga kwallin da aka kawo daga Nijeriya ne, wanda sama da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Son sunna ba ya sauke wa mutum nauyin bincika abin da ke cikin tandunsa, ballantana idan idon jariri za a ranbaɗa wa.

Cikin azkar na safiya da maraice akwai addu'ar da Abu Dawud ya ruwaito, wadda bawa ke roƙon Allah lafiya a jikinsa da jinsa da ganinsa, sau uku-uku. Shekaru ina karanta ta, amma sai a makon da idona ya ƙi karatu na lura cewa daga fuskar waya nake karanta ta, cikin duhun ɗaki, da ido ɗaya a buɗe. Yanzu na nemo ɗan littafin azkar na takarda na ajiye kusa da dadduma. Wayar kuma bayan Isha a falo take kwana, na sayi agogon tebur mai ƙararrawa domin Asuba. Makon jiya sau biyu na saɓa, na lallaɓa na ɗauko ta. Watan gobe zan koma wurin likitar a sake auna matsin idon, kuma wannan karon da ƙanena ɗan shekara bakwai za mu tafi, domin na ga ya fara matse ido idan yana kallon allon makaranta.